Hanyoyin Danne Ciwo Daga Ƙwaƙwalwa Zuwa Laka: Bitar Shaidun Gwaje-gwaje a Kan Ɓeraye

Tsakure

Wannan maƙala bita ce ta shaidun da gwaje-gwaje a kan ɓerayen ɗakin bincike suka samar game da hanyoyin jijiya masu saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, waɗanda ke rage ƙarfin saƙon ciwo tun kafin ya hau sama. An bi sawun babbar hanyar daga tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa medula, daga nan zuwa ƙahon baya na laka, sannan aka duba reshen noradirenalin da ke mara mata baya. Matsayar maƙalar ita ce cibiyoyin da ke danne ciwo su ne kuma ke iya zuzuta shi, kuma rinjayen ɗayan aikin a kan ɗaya yana da hannu wajen yanke ko rauni zai wuce ko zai rikiɗe ya zama ciwo mai naci.

1.0 Gabatarwa

Girman rauni da tsananin ciwon da ake ji ba kullum suke tafiya daidai ba. A 1946 Henry Beecher, likitan da ya yi aiki da sojojin Amurka a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya wallafa cewa mafi yawan sojojin da ya tambaya, duk da munanan raunukan da ke jikinsu, sun ce ba sa bukatar maganin kashe ciwo. A ɗaya ɓangaren kuma akwai majinyatan da rauninsu ya daɗe da rufewa, amma ko gogar riga a fata ba sa iya jurewa. Al'amuran biyu suna nuni da wani tsari a cikin jiki da ke rage wa saƙon ciwo ƙarfi ko ya ƙara masa.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan tsari daga ɓeran ɗakin gwaji aka samo shi, wato jinsin Rattus norvegicus, musamman zuriyar Sprague-Dawley da ta Wistar. Manufar maƙalar ita ce ta fayyace yadda tsarin yake a jikin wannan dabba, ta auna nauyin hujjojin da aka kafa shi a kansu, ta kuma nuna inda sunan da aka fara ba shi, wato tsarin kashe ciwo na cikin jiki, ya gaza ɗaukar abin da bincike ya bayyana daga baya.

An yi amfani da "tokar magudana" don yankin ƙwayoyin jijiya mai ruwan toka da ya kewaye siririyar magudanar ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda masana ke taƙaita sunansa da PAG. "Cibiyar medula" kuwa tana nufin sashen gaba na ƙasan medula, inda cibiyar rafe babba take, wanda ake taƙaitawa da RVM.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ra'ayin da ya daɗe yana rinjaye, wanda ake danganta asalinsa ga Descartes tun ƙarni na 17, shi ne cewa ciwo saƙo ne mai tafiya ta hanya ɗaya tak: daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, ba tare da wani ya taɓa shi a hanya ba. Hagbarth da Kerr sun girgiza wannan ra'ayi a 1954, lokacin da suka nuna a jikin kyanwa cewa tsokanar wasu sassan ƙwaƙwalwa da lantarki tana rage saƙonnin da ke hawowa ta laka. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka fito da ra'in ƙofa, suka ce a ƙahon baya na laka akwai wata mashiga da ke buɗuwa da rufuwa, kuma ƙwaƙwalwa tana da iko a kanta. Wasu bayanan ra'in ba su tsira daga gwaji ba, amma batun ikon ƙwaƙwalwa a kan laka ya tsaya daram.

Shaida ta kai tsaye ta zo ne ta fuska biyu. A Shanghai, Tsou da Jang sun ba da rahoto a 1964 cewa ɗan ƙanƙanin mofin da aka ɗiga a tokar da ke kewaye da ramukan ruwan ƙwaƙwalwar zomo yana kashe ciwo a jiki. A 1969 kuma David Reynolds ya dasa wayoyin lantarki a yankin tokar magudana ta ɓeraye 8. A 3 daga cikinsu, tsokanar ta kawar da martanin ciwo har aka buɗe musu ciki ba tare da maganin sa barci ba, alhali suna iya motsi. Da aka ɗauke lantarkin, martanin ya dawo. Adadin dabbobin kaɗan ne, kuma da wuya kwamitin ɗa'ar bincike na yau ya amince da irin wannan gwaji, amma ƙungiyar John Liebeskind a Los Angeles ta tabbatar da sakamakon a 1971 da awo mafi tsari. A 1976 Akil da Mayer da Liebeskind suka nuna cewa nalokzon, maganin da ke toshe aikin mofin, yana rage wannan kashe ciwo na lantarki. Tsakanin waɗannan shekaru an gano makarɓan ofiyoyid a ƙwaƙwalwa a 1973, sannan Hughes da Kosterlitz a Aberdeen suka ware enkefalin a 1975, wato sinadarin da jiki da kansa yake ƙerawa mai aiki irin na mofin.

Allan Basbaum da Howard Fields ne suka ɗinke waɗannan zarurruka a 1978 da 1984, suka zana tsari mai hawa uku: tokar magudana, cibiyar medula, da ƙahon baya na laka. Zanen ya jure shekaru, sai dai ya fi mai da hankali ga dannewa. Daga farkon shekarun 1990 ayyukan Zhuo da Gebhart suka nuna cewa idan aka tsokani cibiyar medula da ƙaramin lantarki martanin ciwo ƙaruwa yake yi, idan aka ƙara ƙarfin lantarkin a wuri guda sai ya ragu. A kan wannan giɓi ne maƙalar ta fi tsayawa.

3.0 Hanyar Nazari

Maƙalar ba ta gabatar da sabon gwaji ba. Ta tattara ayyukan da aka wallafa a kan ɓera, ta rarraba hujjojinsu gida huɗu: tsokanar wata cibiya da lantarki ko sinadari, kashe aikinta ta hanyar yankewa ko ɗiga maganin kashe wuri na lidokeyin, naɗar aikin ƙwayar jijiya guda ɗaya da siririyar waya, da bin sawun zarurrukan jijiya da rini. An ɗauki iƙirari a matsayin mai ƙarfi idan aƙalla gida biyu suka haɗu a kansa.

Ya wajaba a fahimci awon da aka gina galibin shaidar a kansa, wato gwajin fizgar wutsiya na D'Amour da Smith na 1941. Ana riƙe ɓeran cikin tsumma ko wani ɗan bututu, a miƙe wutsiyarsa a kan wani tsagi, a haska mata fitila mai zafi a wuri ɗaya. Cikin sakan 2 zuwa 4 ɓera mai lafiya zai fizge wutsiyar, agogon na'urar ya tsaya. Idan maganin da aka ba shi ya yi aiki, wutsiyar tana nan kwance, sai mai gwaji ya kashe fitilar da kansa wajen sakan 10 don kada fatar ta ƙone. Muhimmancin gwajin shi ne fizgar aikin laka ce: ɓeran da aka yanke masa laka a sama yana ci gaba da fizge wutsiya. Saboda haka idan an taɓa ƙwaƙwalwa fizgar ta tsaya, babu makawa wani umarni ne ya sauko. Wannan ne ƙarfin gwajin, kuma nan ne iyakarsa, domin abin da yake aunawa martanin jiki ne, ba abin da dabbar take ji ba.

Sauran awon da aka yi la'akari da su sun haɗa da gwajin fomalin na Dubuisson da Dennis na 1977, inda allura a tafin ƙafa ke haifar da lasa da girgiza ƙafa a zango biyu cikin kusan awa ɗaya. Akwai kuma zaren von Frey don auna jin taɓi. Sai kuma ɗaure jijiyoyin ƙugu na 5 da na 6 kamar yadda Kim da Chung suka tsara a 1992 don kwaikwayon ciwon jijiya.

4.0 Nazari

4.1 Tokar Magudana

Tokar magudana mahaɗa ce. Tana karɓar saƙo daga ɓawon gaban ƙwaƙwalwa, da amigdala mai kula da tsoro, da haifotalamus, tana kuma karɓar kwafin saƙon ciwo da ke hawowa daga laka. Wannan ya sa take a matsayin da za ta iya auna ciwo da sauran bukatun dabba.

An soki gwaje-gwajen farko da cewa lantarki ba ya bambanta ƙwayoyin wurin da zarurrukan da ke wucewa kawai. Behbehani da Fields sun amsa sukar a 1979 ta hanyar ɗiga gulutamet, sinadarin da ke tayar da jikin ƙwaya amma ba ya taɓa zaren da ke wucewa. Sakamakon bai canza ba, kuma lalata cibiyar medula ya kawar da shi, abin da ya tabbatar da cewa ta can umarnin yake bi.

Wata tambayar ita ce, mofin sinadari ne mai kwantar da ƙwayar jijiya, to yaya yake haifar da abin da tsokana ke haifarwa? Amsar ita ce ƙwayoyin da ke aika umarni ƙasa suna ƙarƙashin takurar wasu ƙananan ƙwayoyi masu fitar da GABA. Mofin yana kwantar da masu takurar ne, sai masu aika umarni su samu saki. Moreau da Fields sun nuna a 1986 cewa toshe makarɓan GABA a wurin yana kashe ciwo, kuma Vaughan da abokan aikinsa a Sydney sun bayyana a 1997 yadda ofiyoyid ke hana fitar GABA a bakin zaren jijiya.

Yankin kuma ba dunƙule guda ba ne. Ayyukan Bandler da Keay sun nuna cewa tsokanar sashen ƙasa-gefe tana sa ɓera ya lafe, bugun zuciyarsa da hawan jininsa su sauka, tare da kashe ciwo mai dogara ga ofiyoyid. Tsokanar sashen gefe da na sama kuwa tana sa shi gudu ko shirin faɗa, jini ya hau, tare da kashe ciwo na ɗan lokaci wanda nalokzon ba ya warwarewa. Ke nan danne ciwo wani yanki ne na cikakken shirin kare kai, ba aiki ne mai zaman kansa ba.

4.2 Cibiyar Medula da Ƙwayoyinta Iri Uku

Zarurrukan da ke zuwa ƙahon baya na laka kai tsaye daga tokar magudana kaɗan ne. Galibin umarnin yana yada zango a cibiyar medula, kuma a nan ne aka samu shaidar da ta fi kowace bayyana yadda tsarin yake aiki.

A 1983 Fields da abokan aikinsa suka naɗi aikin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a ɓerayen da aka ba maganin barci mai sauƙi, daidai gwargwadon da wutsiya ke iya fizga. A irin wannan gwaji akan haɗa wayar da lasifika, ta yadda kowane harbi na ƙwayar ke fitowa kamar ɗan ƙas-ƙas. Ana zafafa wutsiya a hankali. Wata ƙwayar tana ta ƙas-ƙas ɗinta, sai kwatsam ta yi tsit, kafin cikar sakan guda wutsiyar ta fizge. Wata kuma tana shiru, sai ta ɓarke da harbi gab da fizgar. Kashi na uku ba sa canza komai. Wannan maƙala ta kira su masu-tsit, da masu-tashi, da 'yan ba-ruwanmu.

Lokacin da canjin ke faruwa shi ne abin lura. Da yake yana riga fizgar, ba za a ce martani ne gare ta ba. Gwajin magunguna ya ƙara fayyace lamarin: mofin, ko ta jini aka ba da shi ko a tokar magudana aka ɗiga, yana sa masu-tsit su ci gaba da harbi ba yankewa, yana kuma rufe bakin masu-tashi, kuma a wannan hali wutsiya ba ta fizga. Mary Heinricher da abokan aikinta sun nuna a cikin shekarun 1990 cewa tayar da masu-tsit shi ne sharaɗin kashe ciwon. Rufe bakin masu-tashi shi kaɗai bai wadatar ba. A ɗaya hannun, yanayin da ke ƙara jin ciwo, kamar kumburi ko janye mofin daga ɓeran da ya saba da shi, yana tafiya tare da yawan harbin masu-tashi.

Abin da wannan ke nufi shi ne cibiya ɗaya tana riƙe da linzami da ƙaimi a lokaci guda. Masu-tsit suna danne ƙwayoyin laka a kullum, kuma tsit ɗinsu shi ne sakin da ke ba saƙon ciwo damar wucewa. Masu-tashi kuwa suna ingiza shi. Irin ƙwayoyin biyu a cakuɗe suke a wuri guda, shi ya sa lantarki ko yankewa, waɗanda ba sa tantancewa, suka daɗe suna ba da sakamako masu karo da juna. A ganin wannan maƙala, duk gwajin da ya taɓa cibiyar medula gaba ɗayanta sannan ya yanke hukunci a kan aikinta, to hukuncinsa a kan wanda ya yi rinjaye ne a wannan lokaci kawai.

4.3 Saukowa Cikin Laka: Serotonin da Noradirenalin

Zarurrukan cibiyar medula suna saukowa ta igiyar gefen baya ta laka, su ƙare a shimfiɗa ta 1 da ta 2 da ta 5 na ƙahon baya, inda jijiyoyin ciwo daga fata ke sauke saƙonsu. Basbaum da abokan aikinsa sun nuna a 1976 da 1977 cewa yanke wannan igiya yana kawar da kashe ciwon lantarki, yana kuma rage na mofin, a sassan jikin da ke ƙasa da yankan. A laka dannewar tana faruwa ta hanyar hana jijiyar fata fitar da sinadarinta, da kwantar da ƙwayar da ke kai saƙo sama, da tayar da ƙananan ƙwayoyi masu takura.

Siririn bututun da Yaksh da Rudy suka ƙirƙiro a 1976, wanda ake zurawa cikin ruwan da ke kewaye da lakar ɓera, ya ba da damar tambayar wane sinadari ne ke ɗauke da umarnin. A 1979 Yaksh ya nuna cewa kashe ciwon da mofin ke yi daga tokar magudana yana raguwa idan aka toshe makarɓan serotonin ko na noradirenalin a laka. An daɗe ana ɗaukar serotonin a matsayin jigon dannewa, amma shaida ta rage masa matsayi. Ƙwayoyin serotonin tsiraru ne a cibiyar medula, kuma ayyukan Peggy Mason sun nuna cewa ba su ne masu-tsit ko masu-tashi ba. Aikin serotonin a laka ya danganta da makarɓin da ya sauka a kai: ta makarɓi na 3 yana zuzuta ciwo, kamar yadda Suzuki da Dickenson da abokan aikinsu suka nuna a 2002.

Noradirenalin ya fi tsayawa a kan magana ɗaya. Duk wanda ke cikin laka daga sama yake zuwa, daga rukunan ƙwayoyi na A5 da A6 da A7 a gadar ƙwaƙwalwa, kuma ta makarɓin alfa-2 yana danne ciwo. Sai dai akwai darasi a nan ga masu gwaji. Proudfit da abokan aikinsa sun gano a farkon shekarun 1990 cewa ɓerayen Sprague-Dawley da aka sayo daga kamfanoni biyu daban sun bambanta a inda zarurrukan A6 ke ƙarewa a laka, har tsokanar wurin ta ba da sakamako daban. A 2017 kuma ƙungiyar Pickering a Bristol ta nuna cewa A6 kansa kashi-kashi ne: ƙwayoyin da ke sauka laka suna rage ciwo, waɗanda ke hawa ɓawon gaban ƙwaƙwalwa suna ƙara damuwa da alamun ciwo.

4.4 Yaushe Tsarin Yake Aiki da Kansa?

Waya da allura abubuwa ne na ɗakin gwaji. A rayuwar dabba, barazana ce babbar mai tayar da tsarin. Lewis da Cannon da Liebeskind sun nuna a 1980 cewa jan lantarki a ƙafa yana haifar da kashe ciwo iri biyu: na tsawon minti 30 mai yankewa yana ba da wanda nalokzon ke warwarewa, na minti 3 ba yankewa yana ba da wanda ba ya warwarewa. A 2005 Hohmann da abokan aikinta suka nuna cewa sinadaran cikin jiki masu kama da na tabar wiwi, waɗanda ke taruwa a tokar magudana, suna da hannu a nau'i na biyu. Tsoron da aka koya ma ya isa: ɓeran da aka mayar akwatin da ya taɓa shan wuya a ciki yana rage martanin ciwo, kuma ayyukan Helmstetter sun nuna cewa lalata amigdala yana kawar da hakan.

Akwai kuma wata hanya dabam da Le Bars da Dickenson da Besson suka bayyana a Paris a 1979: ciwo mai ƙarfi a wani sashe na jiki, kamar matse wutsiya ko hanci, yana kwantar da ƙwayoyin laka masu sauraron wani sashe na nesa. Madaukin yana bi ta ƙasan medula ne, kuma yanke laka a wuya yana kawar da shi.

4.5 Zuzutawa da Ciwo Mai Naci

A nan ne matsayar maƙalar ta fi samun goyon baya. Bayan ɗaure jijiyar ƙugu, ɓera yana janye ƙafa daga taɓin da a da bai damu da shi ba, kuma hakan yana ɗaukar makonni. Porreca da abokan aikinsa a Arizona sun yi amfani a 2001 da wata guba da aka ɗaura wa sinadarin da ke neman makarɓin ofiyoyid na miyu, don kashe ƙwayoyin cibiyar medula masu ɗauke da wannan makarɓi, waɗanda ake ɗauka su ne masu-tashi. A rahoton Burgess da sauran abokan aiki na 2002, ɓerayen da aka yi wa haka, ko aka yanke musu igiyar gefen baya, sun fara nuna alamun ciwon kamar kowa, amma bayan 'yan kwanaki alamun suka janye. Jijiyar da aka raunata ce ke kunna ciwon, amma zaunar da shi yana bukatar ingiza daga sama.

Aikin De Felice da abokan aikinta na 2011 ya dubi lamarin ta bayansa. Bayan tiyata iri ɗaya, kimanin kashi 85 cikin 100 na ɓerayen Sprague-Dawley sun nuna alamun ciwon jijiya, amma a zuriyar Holtzman kimanin rabi ne kawai. Sai aka koma kan waɗanda suka tsira. Da aka ɗiga musu lidokeyin a cibiyar medula, ko aka toshe makarɓin alfa-2 a lakarsu, nan take alamun ciwon suka bayyana. Lidokeyin ɗin nan kuwa, a wuri guda, rage ciwo yake yi ga ɓerayen da ke fama da shi. Allura ɗaya, wuri ɗaya, rauni ɗaya, sakamako biyu masu kishiyantar juna. Bayanin da ya fi dacewa shi ne a ɓeran da ya tsira dannewa ce ke rinjaye tana rufe raunin, a wanda ya kamu kuwa zuzutawa ce. Wannan gwaji ya cancanci kulawa fiye da yadda ya samu, domin ya mayar da tambayar daga "me ke jawo ciwo mai naci" zuwa "me ke kare wasu daga gare shi".

Shaida ta uku ta zo daga London a 2015, inda Bannister da Dickenson da abokan aikinsu suka nuna cewa dannewar da ciwo ke yi wa ciwo, wadda aka ambata a 4.4, tana ɓacewa bayan ɗaure jijiya, kuma tana dawowa idan aka ƙara noradirenalin a laka ko aka toshe makarɓin serotonin na 3. Haka kuma Vanderah da abokan aikinsa sun nuna a 2001 cewa ba ɓera mofin ba yankewa na kwanaki yana haifar da ƙarin jin ciwo, wanda ke gushewa idan aka kashe aikin cibiyar medula. Maganin da ke tayar da dannewa a rana ta farko yana iya ƙarfafa zuzutawa idan aka daɗe a kansa.

4.6 Shekaru da Jinsi

Fitzgerald da Koltzenburg sun nuna a 1986 cewa zarurrukan igiyar gefen baya suna nan tun kwanakin farko bayan haihuwa, amma dannewarsu ba ta fara bayyana sai wajen kwana 10, ba ta kai ta babba sai bayan mako 3. Hathway da abokan aikinsa sun ƙara a 2009 cewa a ɗan ɓera zuzutawa ce ke rinjaye a cibiyar medula, kafin ma'aunin ya juya yayin da yake girma. Ayyukan Anne Murphy kuma sun nuna cewa mofin ya fi aiki a ɓera namiji, kuma makarɓan miyu sun fi yawa a tokar magudanarsa. Mafi yawan ayyukan farko a kan manyan ɓeraye maza aka yi su.

5.0 Tasiri ga Asibiti da Ɗakin Gwaji

Abin da aka gano a ɓera ya isa gadon asibiti da wuri. A 1977 aka ba da rahoton tsokanar tokar ƙwaƙwalwar majinyata masu ciwo mai tsanani. A 1978 Levine da Gordon da Fields suka nuna cewa nalokzon yana rage sauƙin da maganin wofi ke kawowa bayan cire haƙori. A 1979 aka wallafa rahoton zuba mofin a ruwan lakar masu ciwon daji, shekara 3 kacal bayan gwajin Yaksh da Rudy. Amfanin amitiriftilin da dulokzetin a ciwon jijiya ana danganta shi musamman da ƙara noradirenalin a laka.

Tiramadol ma ta wannan tsari yake bi: yana taɓa makarɓin miyu, yana kuma hana mayar da noradirenalin da serotonin cikin jijiya. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha magungunan ofiyoyid ba bisa umarnin likita ba. Idan aka haɗa wannan da shaidar da ke 4.5, wadda a ɓera aka same ta da mofin, akwai dalilin da zai sa likita ya binciki tarihin shan irin waɗannan magunguna ga majinyacin da ciwonsa ke ƙaruwa duk da ƙarin magani.

Awon kansa yana bukatar gyara. King da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa ɓera mai ciwon jijiya yana koyon fifita ɗakin da ya samu sauƙi a cikinsa, alhali ɓera mai lafiya bai damu ba, kuma a 2011 aka fito da ma'aunin yatsinar fuskar ɓera. Waɗannan sun fi kusa da abin da majinyaci ke kokawa a kai fiye da fizgar wutsiya.

A jami'o'inmu ana gwada tsirran gargajiya da yawa a kan ɓeraye don neman maganin ciwo, galibi da faranti mai zafi da fomalin. Maƙalar tana kira ga masu wannan aiki da su riƙa bayyana zuriyar ɓerayen da inda aka samo su da jinsinsu da shekarunsu, su sanya mata a cikin gwaji, su gwada nalokzon da yohimbin mai toshe makarɓan alfa-2 don gane ta wane reshe tsiron yake aiki, su kuma ƙara aƙalla awo ɗaya da ba martanin laka ba kafin su rubuta cewa tsiro yana kashe ciwo.